Kuɗin Kirifto: Ɓarawon Da Ke Sauya Adireshi, Da Wanda Zai Ɗauki Asara

Duk ɗan kasuwar da ke hulɗa tsakanin kasuwanninmu na bakin iyaka, irin su Jibiya da Illela da Maigatari da Kwanni, da birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, ya san cewa kai kaya bai kai kai kuɗi wuya ba. Albasar Galmi ta san hanyarta zuwa Adjamé, goron Anyama ya san hanyarsa zuwa arewa, 'yan uwanmu da ke zaune a Treichville da kewayen kasuwar Belleville kuwa sun daɗe suna karɓar kaya suna sallamar masu shi. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda kuɗin zai tashi daga sefa ya koma naira, ko ya tashi daga naira ya isa hannun mai kamfani a Caina ko Dubai, ba tare da ya zube a hanya ba.

Idan mai karatu bai manta ba, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020. A farkon 2023 aka sha wahalar canjin takardun naira, a watan Yunin shekarar aka saki darajarta ta yi ta gangara, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka ƙaƙaba takunkumin da ya tsayar da hada-hadar kuɗi da ƙasar har zuwa Fabrairun 2024. A cikin wannan matsi ne 'yan kasuwa da dama suka koma wa kuɗin intanet da ake kira kirifto, musamman nau'in USDT, wanda aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Kamfanin Chainalysis mai bin diddigin wannan harka ya sanya Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumarta a 2023 da 2024, ya kuma ƙiyasta cewa kirifto na kimanin dala biliyan 59 ya shiga ƙasar tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024.

Ba na cikin masu cewa a guji abin gaba ɗaya, domin wanda ya taɓa ɗaure kuɗi a ƙugu ya ratsa shingayen hanya tun daga Yamai har Abijan ya san dalilin da ya sa mutane suka karɓe shi. Abin da nake cewa shi ne, mun ɗauki sabuwar hanyar biya amma mun bar tsohuwar ƙa'idar da ta tsare dukiyar iyayenmu, wato shaida. A fataucin goro da na shanu, baƙo ba ya miƙa kaya sai ta hannun mai gida, dillali yana tsaye, an san wanda ya saya, an san wanda ya tsaya masa. In mai saye ya gudu, an san ƙofar da za a buga. A kirifto babu mai gida, babu dillali, babu manajan banki. Abin da ke tsakaninka da mai karɓa jerin haruffa ne da lambobi da ake kira adireshi, kuma in kuɗi ya tafi ya tafi ke nan, ba a janyo shi.

Wannan adireshi shi ne tushen matsalar. Na hanyar Tron, wadda aka fi tura USDT ta kanta saboda sauri, yana farawa da harafin T kuma haruffansa 34 ne. Na hanyar Ethereum yana farawa da 0x, haruffa 42. Babu suna a jikinsa, babu gari, ba kamar asusun banki ko Orange Money ko Wave ba. Ba mai iya haddace shi, don haka kowa kwafa yake yi daga WhatsApp ya manna a manhajar turawa. To tsakanin kwafa da mannawa, wayar tana riƙe rubutun na ɗan lokaci a wani ɗan allon ajiya da ido ba ya gani. A nan ɓarawon yake zaune. Wata muguwar manhaja ce da ke laɓe a cikin waya ko kwamfuta, ba ta da aiki sai gadin wannan allo. Da zarar ta ga an kwafo abin da ya yi kama da adireshin kirifto, sai ta goge shi ta sa na ubangidanta. Kai ka kwafi na Alhajin Treichville, abin da ka manna na wani ne da ba ka taɓa gani ba. Shi ma da T ya fara, tsawonsu ɗaya, kuma da yatsanka ka danna ka tura.

Ba sabon abu ba ne. Tun a 2017 kamfanin Kaspersky ya fallasa wata mai suna CryptoShuffler da ta tara wa masu ita Bitcoin kusan 23 ta wannan dabara. A watan Fabrairun 2019 kamfanin ESET ya gano irinta a cikin rumbun Google Play kansa, ta yi shigar burtu da sunan lalitar MetaMask. A Satumbar 2024 kamfanin Binance ya fitar da gargaɗi cewa satar ta yi tsalle a ƙarshen watan Agusta, kuma akasarin waɗanda abin ya ci sun ɗauko cutar ne daga manhajojin da ba na asali ba, musamman a wayoyin Android.

Amma rahoton da ya kamata ya hana ɗan kasuwa barci shi ne wanda kamfanin Doctor Web ya fitar a watan Afrilun 2025. Masu binciken sun samu wayoyi masu araha, sababbi a kwalinsu, ɗauke da sunaye masu kwaikwayon manyan wayoyi irin su S23 Ultra da Note 13 Pro, waɗanda tun kafin su iso hannun mai saye an dasa musu WhatsApp na jabu. Aikin wannan WhatsApp ɗin ya wuce na mai gadin allo. Idan ka tura wa abokin cinikinka adireshinka, a fuskar wayarka za ka ga naka daidai, shi kuwa na ɓarawo ne zai isa gare shi. Idan shi ya turo maka nasa, a wayarsa yana nan daidai, a taka an sauya. Bugu da ƙari yana bincike cikin hotunan wayar ko zai samu inda aka ɗauki hoton kalmomin sirri na lalita. Duk wanda ya san rumfunan waya na Adjamé da suka yi suna da Black, ko na Farm Centre a Kano, ya san irin wayar da ake nufi: kwali mai ƙyalli, suna mai nauyi, farashi kashi ɗaya cikin biyar na ta gaske. Ba ina zargin masu rumfa ba ne, domin shi mai sayarwa kwali ya saro, bai san abin da ke ciki ba. Amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma wayar da aka yi wa ragin jika talatin tana iya cinye kuɗin tirelar albasa.

Mu ma da kanmu muna buɗe ƙofa. Ana sayen waya a miƙa wa mai tura finafinai ya cika ta da manhajoji daga kwamfutarsa. Ana tura wa juna GB WhatsApp ta Xender don a riƙa karanta saƙon da aka goge. A 2024, lokacin da zazzaɓin Notcoin da Hamster Kombat ya kama matasanmu, babu irin mahaɗin da ba a danna ba, babu irin manhajar da ba a sauke ba da sunan mainin. Sau da yawa kuma wayar da aka yi wannan duka da ita, ita ce dai wadda Alhaji zai ce wa yaronsa ya tura dala dubu ashirin da ita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wasu za su ce ai su sun waye, suna duba haruffa huɗu na farko da huɗu na ƙarshe, suna kuma fara tura ɗan kaɗan don gwaji. Madalla, amma ɓarayin sun riga sun san da haka. Akwai dabarar da suke ƙera adireshi mai farko da ƙarshe irin na abokin cinikinka, su turo maka ɗan ƙwandala da shi don ya shiga jerin tarihin cinikinka. Gobe in ka tashi biya, ka leƙa tarihi ka kwafo, nasu ka ɗauko. A watan Mayun 2024 wani ya tura kirifto na kimanin dala miliyan 68 ta wannan hanya, ko da yake shi ya yi sa'a ɓarawon ya dawo da shi daga baya. A Disambar 2025 wani ya yi gwaji da dala 50 ta isa lafiya, da ya koma tura sauran sai ya kwafo daga tarihi, kusan dala miliyan 50 suka tafi. Waɗannan ba 'yan koyo ba ne. Abin da ya ci su shi ne wayar ita ce ta ba su adireshi, kuma wayar suka tambaya ko daidai ne.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna, wanda ya fi asarar kuɗin kanta. A ce ɗan kasuwa a Illela yana bin abokinsa na Belleville kuɗin kaya. Na Belleville ya tura, ga shaida a wayarsa cewa an tura. Na Illela ya duba lalitarsa babu komai, ga kuma saƙon da ya aika da adireshinsa daidai a tasa wayar. Kowa na da hujja, kowa na iya rantsuwa da gaskiyarsa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Me zai biyo baya? Wannan zai ce an cinye masa kuɗi, wancan zai ce ana so a karɓa sau biyu. Amanar shekara ashirin, wadda watakila iyayensu suka fara, ta rushe a yini ɗaya. In kuwa ba su zargi juna ba, to kan yaron da ya riƙe wayar abin zai ƙare. Shi za a kai wa 'yan sanda, shi za a kora, sunansa ya ɓaci a kasuwa, alhali laifinsa kawai ya kwafa ya manna kamar yadda aka koya masa. Ɓarawon na can wata ƙasa, bai ma san an yi ba.

Saboda haka ni a ganina maganin ba ya hannun masana kwamfuta kaɗai, yana hannun shugabannin kasuwa da sarakunan Hausawa na zango-zango, waɗanda dama su ke sasanta rikicin bashi da na la'ada. Ya kamata su zauna tun kafin ƙara ta zo gabansu su kafa ƙa'ida guda: ba a tura kirifto sai an karanta adireshi da baki. Wato bayan mai turawa ya manna adireshin a wurin turawa, kafin ya danna, ya kira mai karɓa a layin waya na yau da kullum, ya ji muryar da ya sani. Mai karɓa ya buɗe lalitarsa ya karanto daga can, ba daga saƙon WhatsApp ba, mai turawa yana bi da ido harafi bayan harafi. In kuɗin mai yawa ne a karanta duka 34 ɗin, har da bambanta babban baƙi da ƙarami, a kuma faɗi hanyar da za a bi, Tron ce ko wata, domin kuskuren hanya ma yana salwantar da kuɗi. Wani zai ce ɓata lokaci ne. To minti nawa ne? Mu da muke ƙirga miliyan ɗaya sau uku, mu ɗaga takarda sama mu duba ko jabu ce, minti biyu na karatu bai kamata ya gagare mu ba.

Amfanin wannan ƙa'ida shi ne tana raba gardama. Wanda ya tura bai kira ba, ya tura wa wanda bai sani ba, bashi na nan a wuyansa. Wanda ya kira aka karanto masa ya tura inda aka karanto, ya sauke nauyi, in an samu matsala daga gidan mai karɓa take. Na san akwai masu ganin idan wayar mai karɓa ce ta sauya adireshin to shi ya kamata ya ɗauki asara ko da ba a kira shi ba, tunda cutar daga wajensa ta fito. Maganarsu na da ƙarfi, amma wa zai tabbatar da wayar da ke da cutar, mutum ɗaya na Abijan ɗaya na Sakkwato? Kira kuwa abu ne da kowa zai iya nuna ya yi ko bai yi ba. Ko wace matsaya shugabanni suka ɗauka, a sanar da ita a masallaci da taron ƙungiya, domin hukuncin da aka yanke bayan kuɗi ya ɓace kullum ana ganinsa da son kai.

Sauran matakan na mutum ne shi kaɗai. Mai juya miliyoyi ya ware waya guda don kuɗi, ta asali daga dilan da kamfani ya amince da shi, ba wasa a cikinta, ba fim, ba mai taɓa ta sai wanda aka ɗora wa amana. Adireshin abokin ciniki na dindindin, da zarar an tabbatar da shi da baki, a adana shi da sunansa a littafin adireshi na manhajar, a kuma rubuta shi a littafin shago, kada a sake ɗauko shi daga tarihi ko daga saƙo. Idan wata rana saƙo ya zo cewa Alhaji ya canza adireshi, a ɗauka ƙarya ne har sai an ji daga bakinsa, domin sace WhatsApp ɗin mutum a yi magana da sunansa ya zama ruwan dare. Su kuwa kalmomin sirri 12 ko 24 da ake ba mutum ranar buɗe lalita, su ne mabuɗin sito gaba ɗaya. A takarda ake rubuta su a ɓoye inda ake ɓoye takardar gida. Ba a ɗaukar hotonsu, ba a tura wa kai a WhatsApp. A Fabrairun 2025 Kaspersky ya gano wata cuta mai suna SparkCat da ke karanta rubutun cikin hotuna tana neman waɗannan kalmomi, har a rumbun manhajojin iPhone. Duk wanda ya tambaye ka su, ko ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ɓarawo ne. Kuma tunda rai na hannun Allah, mai dukiya ya san yadda magadansa za su kai ga takardar, in ba haka ba kuɗin marayu ya kulle har abada.

Wajen canza USDT zuwa sefa ko naira da mutumin da ba ka sani ba, damfarar tsohuwa ce, riga kawai ta sauya. Saƙon tes na cewa kuɗi ya shigo ba kuɗi ba ne, hoton rasit ma ba kuɗi ba ne. Waɗanda mutanen Abijan ke kira brouteurs, mu kuma muke kira 'yan Yahoo, sun ƙware wajen ƙera duka biyun. Ka buɗe asusunka ka ga ya ƙaru kafin ka saki kirifto, kuma sunan wanda ya biya ya zama na wanda kuke ciniki da shi. In wani daban ya biya, mai yiwuwa kuɗin sata ne, kuma asusunka za a rufe idan mai shi ya kai ƙara.

Ba zan tsawaita kan masu alƙawarin ninka kuɗi ba, domin ɗan kasuwa ya fi kowa sanin ribar da kasuwa ke iya bayarwa. Duk da haka an ga MMM ta kulle a Disambar 2016, an ga kamfanonin noman bogi da suka kwashe dukiyar dubun dubatar mutane a Kwaddibuwa suka durƙushe a 2017, sannan a Afrilun 2025 CBEX, wadda ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ta rufe da kuɗin jama'a har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Abin lura shi ne bayan rufewar an nemi waɗanda aka cuta su sake biyan dala 100 ko 200 wai don a tantance su a sakar musu kuɗinsu. Haka abin yake ga wanda aka sauya wa adireshi: da ya yi kuka a Facebook, masu cewa za su dawo masa da kuɗin in ya biya kafin alƙalami za su yi masa caa. Zagaye na biyu ne na satar.

Wanda abin ya riga ya faɗa wa kada kunya ta sa ya yi shiru, kuma kada ya fara da kama yaro. Ya daina amfani da wayar nan take amma kada ya goge ta, domin ita ce shaida. Sauran kuɗin a kwashe zuwa sabuwar lalita da aka buɗe a wata waya mai tsabta, da sababbin kalmomin sirri. A rubuta lambar shaidar cinikin, da adireshin da kuɗin ya tafi, da rana da lokaci. A Abijan akwai sashen yaƙi da laifukan intanet da ake kira PLCC, wanda aka kafa tun 2011, ga kuma dokar laifukan intanet ta watan Yunin 2013. A Nijeriya akwai EFCC da sashen 'yan sanda mai kula da irin waɗannan laifuka. Ba na yi wa kowa alƙawarin kuɗi zai dawo, galibi ba ya dawowa. Sai dai USDT ya bambanta da Bitcoin ta fuska ɗaya: kamfanin Tether da ke fitar da shi yana iya daskarar da kuɗin da ke cikin wani adireshi idan hukumar tsaro ta nema, kuma ya sha yin hakan. Ɓarawo kan kwashe abin da ya sata cikin sa'o'i kaɗan, don haka ranar da abin ya faru ake kai ƙara, da lambar shaida a hannu, shugaban kasuwa na rakiya.